Kwanon Kurfi

Litinin, 15 ga Satumba, bayan azahar

Yau an liƙa takarda a ƙofar kicin. Hajiya Huseina, matar Alhaji Abdulƙadir, ita ta liƙa da hannunta, ta tara mu huɗu, ni da Garba direba da maigadi da mai wanki, ta ce tunda ni na yi firamare in karanta masu. Dokoki goma sha ɗaya ne. A wanke hannu kafin a taɓa abinci. Ba a shiga falo da waya. Ba a zama kan kujera in masu gida suna nan. Ba a kawo baƙi. Ta uku ta ce ma'aikaci ya zama mai gaskiya da riƙon amana. Ta bakwai ta ce abin da ya faru cikin gida ba ya fita waje, ko da wurin dangi ne, wanda ya fitar kuma ya sallami kansa.

Shekara ashirin da ɗaya ina girki a gidan nan, sai yau aka koya mani wanke hannu. To, na gode.

Amma na san ba don hannu aka rubuta ba. Sauran goman rakiya suka yi wa ta bakwai. Da na zo kanta, Hajiya Huseina ba ta kalli kowa ba sai ni.

Wannan littafin ragowar na makarantar Mardiya ne, ɗiyar Alhaji. Ban saba rubuta komai ba sai cefane. Tunda an ce kada magana ta fita, bari in zuba ta nan. Littafin dai ƙarƙashin katifata zai kwana.

Talata, 16 ga Satumba, da hantsi

Hajiya Babba ta sake ɗaure kayanta a zani ta ce za ta gida, Baba na jiranta. Babanta ya rasu tun kafin a haifi Mardiya. Na ce Hajiya bari rana ta yi sanyi, ta yarda ta zauna. Ta dube ni ta ce, "Yarinya, ɗiyar wa ce ke?"

Ni Rabi. Hajiya Babba, wato Nana Hadiza mahaifiyar Alhaji, ita ta je har Rawayau ta ɗauko ni wata biyar bayan rasuwar mijina, ta ba ni ɗaki, ta aurar mani da 'ya'ya biyu. Mako uku ke nan ba ta kira sunana ba. Abin ya yi mani ciwo, ba zan ɓoye ba.

Laraba, 17 ga Satumba, bayan la'asar

Bikin Mardiya saura wata biyu. Dangin angon mutanen Katsina ne, an ce masu bincike ne har kakan kaka. Na ji Alhaji yana cewa mutanenmu ba su san ciwon tsufa ba, wani suna za su ba shi, kuma sunan ba ya barin gida in ya shiga. Ni ma ba zan rubuta sunan ba.

Masu zuwa gaishe da Hajiya Babba ana ce masu tana barci. Wayarta tana ɗakin Alhaji, an ce kunnenta ya yi nauyi.

Alhamis, 18 ga Satumba, bayan magariba

Na jiƙa tsakin masara, na gyara zogale. Gobe Juma'a, ranar kwanon Kurfi.

Kwanon samira ne, kore, murfinsa ya ɗan fashe a gefe. Duk Juma'a Hajiya takan turara dambu da hannunta, ba ta yarda kowa ya taɓa madambacin, ta cika kwanon ta ɗaure da kyalle. Ni kuma in na tashi tafiya ganin tsohuwata a Rawayau sai in sauka Kurfi in miƙa wa ƙanwarta, Inna Fatu. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Kwanon bai taɓa dawowa wofi ba. Wani lokaci daddawa, wani lokaci ƙwan zabi, in kaka ce sabuwar gyaɗa.

Inna Fatu ba ta zuwa gidan nan. Shekara shida da suka wuce wani sabon maigadi ya tsayar da ita a ƙofa cikin rana har azahar, ya ɗauka mai neman taimako ce. An kore shi, an ba ta haƙuri, ta ce ta haƙura, amma ƙafarta ba za ta sake taka gidan ba sai dai ciwo ko mutuwa. Da ma Hajiya ce ke zuwa wurinta. Rabonta da zuwa tun ƙaramar Sallah.

Wata huɗu ke nan ni ke yin dambun, tun ranar da Hajiya ta zuba sukari a madadin gishiri. Hajiya Huseina ta ce in ci gaba, kada kwano ya tsaya a fara tambaya. Na san hannunta sarai. Kimba biyu, citta kaɗan, ƙuli-ƙuli a daka shi ba lukui ba, albasa sai ta turaru. Kuma zogale kaɗai. Hajiya ba ta taɓa sa rama ba, ko ganye ɗaya, domin tsami na kashe wa Inna Fatu haƙora tun tana ƙarama. Ranar da na fara zuwa gidan nan ta faɗa mani.

Juma'a, 19 ga Satumba, Rawayau, bayan la'asar

Na kai. Inna Fatu na zaune gindin bishiyar bedi tana ɓarar gyaɗa. Ta buɗe kwanon ta sa hannu ta ɗanɗana, ta lumshe ido.

"Hannun Yaya bai tsuhwa," in ji ta. "Tana lahiya ko?"

Na ce lafiya lau, tana gaishe ki.

"Mi ya hana ta leƙo ni? Ko ta zama matar manya ta manta da mu?"

Na ce hidimar biki ce, Inna. Ta yi dariya ta ce in ce mata ta daina wahalar da kanta da madambaci, ta bar wa yara. Ta zuba mani gyaɗar da ta ɓare a kwanon.

Da can in ta yabi dambun daɗi nake ji, in ce a raina ashe na iya. Yau ban ji ba.

Lahadi, 21 ga Satumba, da safe

Ta uku ta ce gaskiya. Ta bakwai ta ce shiru. Wanda ya buga takardar bai taɓa kai kwano Kurfi ba.

Talata, 23 ga Satumba, bayan azahar

Hajiya ta fara tari. Kunu ma sai na yi ta lallashi kafin ta sha rabin kofi. Ta kira Alhaji da sunan wani yayanta da ya rasu, ya amsa mata, ya fita tsakar gida ya daɗe yana kallon tankin ruwa.

Na shiga sito ɗaukar mai na tarar da Hajiya Huseina zaune kan buhun shinkafa tana kuka. Na juya zan fita, ta ce, "Rabi, kina gani kamar ni muguwa ce ko?" Na ce a'a Hajiya. Ta ce, "An taɓa fasa auren ƙanwata kan abin da bai kai wannan ba. Har yau tana gida. Ba zan bari a yi wa Mardiya ba." Na ce Allah Ya kiyaye.

Ba muguwa ba ce. Da muguwa ce da abin ya zo mani da sauƙi.

Juma'a, 26 ga Satumba, bayan la'asar

Na kai. Lafiya lau, tana gaishe ki. Ƙwan zabi bakwai.

Litinin, 29 ga Satumba, da hantsi

Likita ya zo da jakarsa, ya daɗe. Ina riƙe da kafaɗun Hajiya yana sa mata abin aunawa a ƙirji. Ya yi wa Alhaji magana da Turanci, ya manta ba kunne kaɗai ake ji da shi ba. Na ga fuskar Alhaji.

Da suka fita Hajiya ta kama bakin mayafina ta ce, "Auta ta ci abinci?" Auta shi ne Inna Fatu, haka take kiranta. Na ce ta ci. Ta ce, "Ki duba ta, ba ta faɗa in tana jin yunwa."

Ta manta ɗanta, ta manta ni, ba ta manta Auta ba.

Laraba, 1 ga Oktoba, bayan magariba

Na yi abin da ban taɓa yi ba. Na jira Alhaji ya gama cin abinci, na durƙusa bakin falo na ce ina da magana. Ya ce in faɗa.

Na ce, "Alhaji, a yi mani izini in gaya wa Inna Fatu. Ita kaɗai. Ba za ta fitar ba."

Ya ture farantin gabansa gefe. Sannan ya ce, "Rabi, Inna in ta ji, Kurfi ta ji. Kurfi in ta ji, Katsina ta ji kafin la'asar. Bayan biki ni da kaina zan je in ɗauko ta."

Na ce, "Alhaji, bayan biki da nisa."

Ya ce, "Rai a hannun Allah yake."

Na ce haka ne. Na kwashe kwanuka. Ban san ya aka yi ba faranti ɗaya ya suɓuce ya fashe, kuma ban ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Juma'a, 3 ga Oktoba, Rawayau, bayan la'asar

Yau Inna Fatu ta kalle ni da kyau.

"Rabi, kin rame. Ko ba su ba ki abinci gidan?"

Na ce zazzaɓi ne ya taɓa ni.

"Na yi mahwalkin Yaya sau biyu. Amma na ce wanda ke iya tsayawa kan madambaci ai lahiyarshi lau." Ta buga murfin kwanon da yatsa. "In dai wannan na zuwa, hankalina kwance yake."

Na fito daga gidan na kama hanyar Rawayau. Ashe ba bakina ne ke tsare ta a Kurfi ba. Bakina ta fara zarginsa. Hannuna ta yarda da shi.

Na gaya wa tsohuwata ina da damuwa a wurin aiki, ban faɗa mata ko mene ne ba. Ta ce in tuna shekaruna, in tuna ba ni da ɗaki a ko'ina sai can. Gaskiya ta faɗa. Ɗakin da nake kwana a nan na buhunan gero ne, kuma an fara shigo da sabo.

Lahadi, 5 ga Oktoba, da safe

Kunu cokali uku Hajiya ta sha.

Talata, 7 ga Oktoba, bayan azahar

Cokali biyu da ruwa. Na yi mata wanka, na shafa mata man da take so. Jikinta ya zama kamar na yaro. Mardiya ta shigo ta zauna kusa da ita tana riƙe da hannunta, an kira ta gwajin ɗinki ta ƙi tashi. Yarinyar ba ta da laifi. Ita ma ba a tambaye ta ba.

Na sake karanta takardar ƙofar kicin, har sau uku. Ta bakwai magana ta hana. Ba inda aka ce ga ganyen da za a sa a dambu.

Ina yaudarar kaina ne, na sani. Amana ba a rubuce take ƙarewa ba. Sun ba ni makullin sito, sun ba ni 'ya'yansu na goya. Amma kafin su ba ni komai ita ta fara ba ni, kuma ita ta ce in duba Auta.

Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan la'asar

Na je bakin kasuwa na sayo rama, ɗanya shar, mai tsami. Garba ya gani a leda ya ce, "Yau kuma kwaɗo za a yi mana?" Na ce kai dai ja mota.

Juma'a, 10 ga Oktoba, da hantsi

Na turara. Kimba biyu, citta kaɗan, komai yadda yake. Na ajiye zogale gefe na zuba rama, ban ma yi mata tafasar da ke rage tsami ba. Na ɗanɗana, ni kaina sai da na runtse ido.

Na shiga na ce, Hajiya zan kai wa Auta kwano. Ba ta buɗe ido ba.

Juma'a, Rawayau, bayan magariba

Na miƙa wa Inna Fatu daga tsaye na ce ina sauri, mai babur na jira, zan biyo gobe in karɓi kwanon. Ta ce, "Yaya hwa?" Na sunkuya ina gyara takalmi, na yi sallama na fita. Ban ce lafiya lau ba. Ban ce komai ba.

Ban ci tuwo ba. Tsoro nake ji.

Asabar, 11 ga Oktoba, bayan la'asar

Ban biya Kurfi ba, kai tsaye na wuce Dutsin-Ma, gidan Alhaji. Ina tsakar gida ina wanke kofin Hajiya, wajen sha ɗaya, na ji maigadi yana cewa sannu da zuwa Inna, sannu da zuwa. Ta shigo da sanda a hannu ɗaya, kwanon a ɗaya, ba kyalle, murfin na ƙara. Wofi ne.

Alhaji ya fito da sauri ba hula. Ta tsaya ta dube shi.

"Abdulƙadiri, ciwo ko mutuwa na ce. Wanne na tarar?"

Ba ta jira amsarsa ba. Ta wuce shi ta shiga ɗakin. Muka bi ta, ni da shi da Hajiya Huseina, na tsaya bakin ƙofa inda ya kamace ni.

Inna Fatu ta ga yadda gadon ya yi wa yayarta yawa. Ta jingine sanda, ta zauna a hankali, ta kama hannunta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Yaya." Shiru. Ta sake cewa, "Yaya, ni ce."

Hajiya ta buɗe ido ta daɗe tana kallonta. Ta ce, "Auta. Kin ci abinci?"

"Ina na ci? Rama kika sa mani, Yaya. Haƙorana har yanzu ba su dawo ba."

Sai Hajiya ta ɗaure fuska, irin ɗaurewar da na sani shekara ashirin da ɗaya. Ta ce, "Ni? Ban taɓa ba." Ta juyo da kai tana nema, idonta ya sauka kaina.

"Rabi! Ba tun ranar da kika zo na hana ki ba?"

Na durƙusa na ce na tuba Hajiya. Hawaye suka zubo mani, ban iya tsayar da su ba. Ta kira sunana. Da faɗa ne, amma ta kira. Kuma duk wanda ke ɗakin ya ji abin da ta ce, Hajiya Huseina ma ta ji.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da hantsi

Hajiya Huseina ta kira ni kicin ta rufe ƙofa. Takardar na bayanta.

"Kin gaya mata?"

Na ce ban gaya mata ba.

"Mantawa kika yi kika sa ramar?"

Da na ce e, da ta karɓa. Na ga a idonta tana so in ce e. Na ce, "A'a Hajiya, da gangan na sa."

Ta ce, "Rabi, me ya sa ba za ki ce mantuwa ba ne?"

Na ce, "Ta uku, Hajiya."

Ta juya ta kalli takardar kamar yau ta fara ganinta. Ta ce in ta bar ni, gobe ba ta da bakin yi wa sauran magana, kuma ba za ta sake cin abin da na dafa ba tare da tunanin ko saƙo ne ba. Ban ga laifinta ba. Ni ma da ni ce haka zan ji.

Garba zai kai ni gobe. Alhaji ya aiko a ce ya gode da zama. Bai fito ba.

Litinin, 13 ga Oktoba, Rawayau, bayan azahar

Kayan shekara ashirin da ɗaya bayan mota ɗaya suka cika, har da sauran wuri. Na koya wa Inna Fatu yadda ake ɗaga kan Hajiya in za a ba ta ruwa. Ta shimfiɗa tabarmarta inda tawa take. Na yi wa Hajiya sallama ta ce, "Yarinya, ɗiyar wa ce ke?" Na ce ɗiyarki ce.

An matsar da buhuna an yi mani wuri.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da safe

Na tashi da asuba na ɗora ruwan wankan wani, sai na tuna ba kowa.

Laraba, 22 ga Oktoba, bayan la'asar

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Garba ya bugo waya da hantsi, Hajiya ta rasu. An kai ta bayan azahar. Ya ce kanta na kan cinyar Inna Fatu, ita ta laƙƙana mata kalmar shahada, kuma ta amsa.

Kwana goma sha ɗaya suka samu.

Asabar, 25 ga Oktoba, bayan magariba

Na je sadakar uku. Na zauna cikin matan da suka zo gaisuwa, wata sabuwar mai aiki ta kawo mani ruwa a tire ta ce sannu da zuwa Hajiya. Shinkafar ta yi ruwa, na yi shiru. Dangin ango sun zo mota biyu, sun yi ta'aziyya sun tafi. Ban san abin da suka ji ba, ban tambaya ba. Maganar biki ban ji kowa ya ɗaga ta ba, ko a ce yana nan ko a ce babu. Mardiya ta rungume ni a gaban mutane. Hajiya Huseina ta amsa gaisuwata, ta riƙe hannuna ta ɗan jima, ta saki. Takardar na nan a ƙofar kicin.

Zan tafi Inna Fatu ta kira ni ɗakin. Ta jawo kwanon daga ƙarƙashin gado, an ɗaure shi da kyalle.

"Ranar nan na kawo shi wofi, abin na damuna. Ba a yi haka ba tun da muke."

Na ce Inna ai mai kwanon ta tafi.

"Mai dambun dai tana nan. Wata nawa kina yi?"

Na ce kusan biyar.

"Ja'ira," in ji ta. Sai a lokacin ta yi kukan da ba ta yi ba.

Ban buɗe ba sai da na iso gida. Carbin Hajiya ne a ciki, da ƙullin kimba.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan magariba

An ce Inna Fatu ta koma Kurfi jiya. Na ari madambaci wurin maƙwabciya, na jiƙa tsaki, na tsinko zogale a bayan gida. Tsohuwata ta ce wa za a yi wa dambu haka da yawa, na ce kwanon mutane ne a hannuna, gobe Juma'a.

Ba zan sa rama ba.